Tarihin Fura da Nono: Abincin Manomi da Makiyayi a Ƙwarya Ɗaya

1.0 Gabatarwa

A cikin abincin ƙasar Hausa da maƙwabtanta, da wuya a sami wanda ya kai fura da nono sauƙin haɗi. Abu biyu ne jigonta, gero da nono, sai ɗan kayan yaji da ruwa. Ba a soya ta, ba a yi mata miya, ba ta bukatar nama. Duk da haka ita sarki yake sha, ita talaka yake sha. Da ita ake tarar baƙo, ita ake kai wa manomi gona da rana tsaka, kuma da ita mutane da yawa suke buɗa baki a watan azumi. Wanda ya saba da ita ya san cewa daɗinta yana zuwa ne daga kyan gero da sabuntar nono. Furar da aka kirɓa da safe, aka dama ta da kindirmon da ya kwana ɗaya, ba ta bukatar sukari kafin ta shiga rai.

Wannan muƙala tana bin tarihin wannan abinci. Abin da take son nunawa shi ne, gero na manomi ne, nono na makiyayi ne, kuma garin gero da nono duka ba sa jimirin ajiya. Saboda haka ba a samun fura mai daɗi sai inda manomi da makiyayi suke zaune kusa da juna, suna haɗuwa kullum. Tarihin fura da nono tarihin wannan maƙwabtaka ne. An fi mayar da hankali ga Jamhuriyar Nijar da arewacin Nijeriya, sannan aka leƙa zangunan Hausawa na Gana da Kamaru.

2.0 Sunayenta da Yadda Ake Yin Ta

A daidaitacciyar Hausa ana cewa fura. A Hausar yamma, wato ta Sakkwato da Gobir da Adar da Arewa, ana cewa hura, kuma ana kiran curin da ba a dama ba dawo. Fulani suna cewa cobbal, Zabarmawa suna cewa donu. A Faransancin Nijar ana ce mata bul, ma'ana curi. Abzinawa suna da ƴar'uwarta da suke kira agajira, wadda ake haɗa garin gero da cuku da dabino a dama da ruwa. Yawan sunayen ya nuna cewa abincin na yanki ne baki ɗaya, kowace al'umma da yadda take sarrafa shi.

Aikin fura yana farawa daga turmi. Ana surfa gero a fitar da dusa, a wanke shi, a baza ya tsane. Ruwan wankin shi ne ƙasari, wanda ake ba dabbobi. Daga nan sai a daka geron tare da citta da kanumfari da masoro, wani lokaci da ɗan barkono, a tankaɗe, a mayar da tsakin turmi a yi ribɗi. Sai a yayyafa wa garin ruwa a cura shi manya-manya, a jefa cikin tafasasshen ruwa ya dahu. Idan an tsame, sai a kirɓa a turmi har ta yi laushi da danƙo, a cura ƙanana, a birgima su cikin gari don kada su manne da juna.

Nono kuwa yana da matakai, kuma kowane mataki da sunansa. Wanda aka tatso yanzu shi ne madara. Idan aka zuba madara a ƙwarya, aka rufe da faifai ta kwana, sai ta yi kauri ta yi ɗan tsami. Wanda aka bar shi da mansa shi ne kindirmo. Wanda aka kaɗa aka cire man shanu shi ne aka fi sani da nono, idan kuma ya tsinke ya yi ruwa-ruwa sai a ce tsala. Furar da aka dama da ruwa zalla ita ce gaya, wadda aka tsinka ta sosai don kashe ƙishirwa kuwa farau-farau. Geron da aka daka ba a dafa ba shi ne gumba, wadda ake yawan yin sadaka da ita.

Akwai dalilin da ya sa ake maimaita wannan aiki kowace rana. Gero yana daɗewa a rumbu idan yana kan zangarniyarsa, amma garinsa yana da maiƙo, kwana kaɗan bayan daka sai ya fara ɗaci da wari. Nono kuma a zafin Sahel ba ya wuce kwana biyu ko uku bai yi tsamin da ya wuce kima ba. A zamanin da babu firji, babu yadda za a yi a tara ɗayansu. Dole a daka yau, a tatsa yau, a sha gobe ko kafin gobe. Sabuntar da ake yaba wa fura da ita, tilas ce ta haife ta.

3.0 Asalin Gero da Nono

Kayan haɗin fura sun girmi kowace daula da aka sani a wannan yanki. Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun gano cewa nono ya riga gero. A wani kogon dutse da ake kira Takarkori, a kudu maso yammacin Libiya, an sami fasassun tukwane da ke ɗauke da alamar maiƙon nono, waɗanda suka kai kimanin shekara 7,000. An bayyana sakamakon wannan bincike a 2012. A wancan zamani Sahara tana da ciyawa da tafkuna. A Adrar Bus, a gefen duwatsun Abzin cikin Nijar, an tono ƙwarangwal ɗin saniyar gida a 1970, kuma zanen shanu yana nan birjik a jikin duwatsun yankin.

Gero kuwa a Afirka ta Yamma aka fara noma shi. A kwarin Tilemsi, arewa da Gawo cikin ƙasar Mali, an sami sawun ƙaiƙayin geron noma a jikin tukwanen da aka gina wajen shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutanen da suka gina waɗannan tukwane makiyaya ne masu shanu. Ke nan tun farko gero da nono a hannu ɗaya suka tashi. Da Sahara ta ci gaba da bushewa, sai mutane suka gangaro kudu da shanunsu da irinsu. Gero ya dace da sabon mazaunin, domin yana yi a jigawa, yana jure ƙarancin ruwa, kuma yana nuna cikin kwana 90 ko kusa da haka. Daga Afirka ne ya tsallaka har Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa noma shi a yau. Nijar tana cikin ƙasashen da ke biye mata, inda a shekara mai albarka ake girbe fiye da tan miliyan 3.

Da tafiya ta yi tafiya, sana'o'in biyu suka rabu. Wasu al'ummu suka zauna suka riƙe fartanya, wasu suka riƙe sanda suna bin makiyaya. Rabuwar ce ta sa kowane ɓangare ya zama yana da rabin ƙwarya kawai, yana neman ɗaya rabin a wurin ɗan'uwansa.

4.0 Shaidar Matafiya

Tsohuwar shaida a rubuce game da irin wannan abinci ta fito ne daga Ibn Batuta, matafiyin nan ɗan ƙasar Maroko. A 1352 ya ƙetare Sahara ya sauka a Walata, wadda take ƙarƙashin daular Mali a lokacin. Liyafar da aka yi masa ita ce dakakken gero da aka gauraya da nono da ɗan zuma, a cikin ƙwarya. Abin bai yi masa daɗi ba, har ya raina karamcin masu masaukinsa, ya yi tunanin juyawa. Shi ya saba da liyafar fadojin gabas mai kwanuka da yawa, su kuwa sun ba shi abin da suke girmama baƙo da shi.

Duk da rainin, ya bar bayanai masu amfani. Ya ce matafiyi a wannan ƙasa ba ya bukatar ɗaukar guzuri, gishiri da duwatsun ado da kayan ƙamshi sun ishe shi, domin duk ƙauyen da ya isa mata za su fito da gero da nono da kaji da garin magarya da acca su sayar masa. Ya kuma ambaci wani abin sha da ake kira daƙnu, wato ruwa da dakakken gero da ɗan zuma ko nono, wanda mutane suke sha a maimakon ruwa zalla. A 1353 ya isa Takadda, kusa da Ingal ta yanzu, inda ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagulla. Wannan ya nuna cewa tun ƙarni na 14 mata ne suke riƙe da cinikin gero da nono a bakin hanya.

Bayan shekara 500, Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da suna Abdulkarim, ya biyo ta Agadas a 1850, ya ratsa Damargu da Tasawa da Katsina, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851. A cikin labarin tafiyarsa ya ambaci fura da sunanta na Hausa, a matsayin abin shan da matafiya suke dogara da shi a kan hanya. Ya kuma ambaci irin ta Abzinawa mai cuku da dabino. Tsakanin Ibn Batuta da Barth dauloli sun tashi sun faɗi, amma abin da ke cikin ƙwarya bai sauya ba.

5.0 Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka Tsakanin Gona da Ruga

Fulani makiyaya sun yi ta shigowa ƙasar Hausa daga yamma a hankali cikin ƙarnoni da dama. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Fulani daga Mali a zamanin Sarki Yakubu, a tsakiyar ƙarni na 15. Bayan jihadin 1804, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ƙarfafa wa makiyaya guiwa su zauna wuri ɗaya kusa da garuruwa da ribaɗoɗi. Wannan ya ƙara yawan rugagen da ke kusa da kasuwanni, yadda mace za ta ɗauki ƙwarya da hantsi ta isa gari kafin azahar.

Hulɗar ta ginu a kan musaya iri biyu. Ta farko tsakanin maza take. Bayan girbi, manomi yakan gayyaci makiyayi ya sauka a gonarsa. Shanu su ci kara da harawa, su bar taki, manomi kuma ya ba da dami ko ƴan tiyoyin gero, wani lokaci da izinin shayarwa a rijiyarsa. A jigawar Sahel, takin shanu shi ne abin da yake hana gona mutuwa. Ta biyu tsakanin mata take. A yawancin rugage, sarrafa nono da sayar da shi haƙƙin mace ne, kuma kuɗin da ya fito nata ne. Marguerite Dupire, wadda ta wallafa bincikenta kan Woɗaɓɓen Nijar a 1962, ta nuna yadda matansu suke samo geron gida ta hanyar musayar nono da man shanu. Ann Waters-Bayer ta tarar da irin wannan tsari a tsakanin Fulanin da suka zauna a kudancin Kaduna, a binciken da ta wallafa a 1988. A cikin gari kuma, matan aure suna kirɓa fura a cikin gida, yara su fita talla da ita. Mai saye yakan sayi fura a hannun Bahaushiya, ya sayi nono a hannun Bafillatana, a dama masa nan take.

Yanayin shekara yana da hannu a cikin daɗin fura. Da damina ciyawa ta wadata, nono ya yi yawa, amma rumbu ya kusa ƙarewa, kuma garke da yawa sun yi arewa don kauce wa gonaki. A Nijar wasu sukan kai har filayen gishiri na Ingal, inda ake taron makiyaya a watan Satumba. Da rani gero yana nan, amma saniya ta rame, nono ya ja baya. A lokacin ne masu sayarwa sukan ƙara ruwa da garin ƴaƴan kuka don nonon ya auku. Kaka ce kaɗai lokacin da abubuwan biyu suke cika tare. Sabon gero ya shigo da ƙamshinsa, yara suna gasa tumu, shanu sun dawo da ƙiba suna cin kara. Furar kaka ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da ita.

Irin saniya ma yana da tasiri. Saniyar gida ba ta ba da nono mai yawa, lita 1 zuwa 3 a rana bayan maraƙi ya sha, amma nonon yana da mai. Makiyaya sun san bambancin bunaji fara da rahaji ja mai dogon ƙaho da bokolo ta ƙasar Sakkwato da kuri ta tafkin Cadi. Azawak ita ta yi suna wajen yawan nono, shi ya sa aka keɓe mata tashar kiwo a Tukunus, kusa da Filinge.

Harshe ya adana wannan tarihi. Idan aka ce ana damawa da wane, ana nufin yana cikin masu faɗa a ji. Idan aka ce yadda ka dama haka za ka sha, ana nufin mutum zai girbi abin da ya shuka. A gidaje da yawa, idan maigida ya ce a kawo wa baƙo ruwa, fura ake kawowa.

6.0 Fura a Kan Hanyar Fatauci

Fatauci ya fitar da fura daga ƙasar da aka haife ta. Ayarin gishiri na Abzinawa, wanda yake ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, da geron Damargu da na ƙasar Hausa yake tafiya. Wani a sayar a karɓi gishiri da dabino, wani a daka a yi agajira, domin abinci ne da ba ya bukatar hura wuta a inda babu itace.

Ta kudu kuwa, fataken goro sun bi hanyar Gwanja zuwa Salaga. Bayan da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, kasuwar Salaga ta fara ja da baya, Hausawa suka bazu zuwa wasu garuruwa, har zangunan Kumasi da Akra suka bunƙasa. Abincinsu ya bi su, kuma sunayen sun shiga bakin mutanen Gana. Fura ta zama fula, tuwon zafi ya zama tuo zaafi, shinkafa da wake ta zama waakye, koko mai yaji kuma ana kiransa kokon Hausa. A unguwanni irin su Nima ta Akra ana sayar da fula har yau. Sai dai kudancin Gana ƙasar kurmi ce, ƙudan tsando bai bar shanu sun yawaita ba. Saboda haka a can aka saba dama fura da madarar gwangwani ko ta gari da sukari. A arewacin Kamaru kuwa, a Marwa da Garwa da Ngaundere, inda garke yake kusa, kindirmo bai yi wuya ba, kuma da sunan Fulatanci kosam aka san nono har a Yawunde. Misalan biyu sun nuna cewa curin fura yana iya tafiya mai nisa, amma sabon nono ba ya nisa da ruga.

7.0 Shekarun da Ƙwarya ta Bushe

Tsarin da aka bayyana a sama ya sha girgiza. Girgiza ta farko a tarihin baya-bayan nan ita ce annobar bushiya. Cutar ta shigo Afirka ta tashar jiragen ruwa ta Masawa a bakin Bahar Maliya wajen 1887, ta iso tafkin Cadi da ƙasar Hausa tsakanin 1890 da 1891. Ta kashe mafi yawan shanun yankin. Hafsan sojan Faransa Monteil, wanda ya ratsa Sakkwato da Kano a waɗannan shekaru, ya ba da labarin ɓarnar da ta yi. Makiyaya da yawa sun wayi gari ba su da ko saniya ɗaya, wasu suka koma noma. Cutar ta yi ta dawowa. A 1962 aka fara gangamin rigakafi na haɗin guiwa tsakanin Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, amma ta sake ɓarkewa a farkon shekarun 1980. Sai a 2011 aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

Ta ɓangaren gero kuma, fari da fara ne suka yi ta'adi. Hausawa sun raɗa wa manyan yunwoyi suna don kada a manta da su. Akwai Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914, da yunwar 1931 da fara ta haddasa a yammacin Nijar, da Ƴar Gusau ta farkon shekarun 1940. Farin 1972 zuwa 1974 ya haɗa hasarar biyu, gona ba ta yi ba, garke ya mutu. Yana cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a ranar 15 ga Afrilu, 1974. Bayan shekara goma aka sake yin wani farin, ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya a 1984, shi ya sa a Nijar ake kiran wannan yunwa El Buhari. A irin waɗannan shekaru fura takan koma gaya, gaya ta koma farau-farau, daga nan a koma ga dusa da ganyaye da ƴaƴan anza. Kaurin abin da ke cikin ƙwarya shi ne ma'aunin halin da gida yake ciki.

Waɗannan shekaru sun sauya zaman manomi da makiyayi. Makiyaya da suka rasa dabbobi sun sayar da ragowar da araha ga ƴan kasuwa da ma'aikata da manoma masu hali. Manomin da ya mallaki shanu ba ya bukatar takin wani, kuma yakan kwashe kara da harawa ya ajiye wa dabbobinsa ko ya sayar. A lokaci guda jama'a ta ƙaru. Mutanen Nijar kimanin miliyan 3 ne a 1960, amma ƙidayar 2012 ta sami fiye da miliyan 17. Gonaki suka ci burtali da makiyaya, suka ƙetare iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata. Rikici ya yawaita. Mafi muni a Nijar shi ne na Toda, a jihar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, inda aka kashe Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Bayan haka aka kafa dokar tsarin karkara a 1993, aka kuma ƙara da dokar kiwo a 2010, wadda ta amince da ƴancin makiyaya na yin ƙaura da dabbobinsu. A arewa maso yammacin Nijeriya, satar shanu da ta'addancin ƴan bindiga da suka tsananta daga shekarun 2010 sun tashi rugage da ƙauyuka da dama. Duk inda ruga ta tashi, mai tallar nono ta daina zuwa kasuwa.

8.0 Madarar Gari da Furar Birni

Madarar gari ta samu gindin zama a Sahel ta hanyar agajin abinci na shekarun fari, sannan ta zama hajar kasuwa. Birane sun girma fiye da yadda rugagen kewayensu za su iya shayar da su. Yamai, wadda mutanenta ba su wuce kimanin 30,000 ba a 1960, ta kai miliyan 1 a 2012. Madarar gari tana da abin da sabon nono ba shi da shi. Ba ta lalacewa da wuri, ana samun ta rani da damina, kuma kilo 1 yana ba da kusan lita 8. Masu yin nonon sayarwa a gida da masana'antun birni duk sun karkata gare ta.

Abubuwa biyu sun ƙara mata ƙarfi a 2015. A shekarar ce Tarayyar Turai ta soke ƙa'idar da ta taƙaita yawan madarar da manomanta za su samar, kuma a shekarar ce harajin bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS ya fara aiki, inda aka sanya kashi 5 cikin 100 kacal a kan madarar gari ta manyan buhuna. Kaso mai yawa na abin da ake shigowa da shi madara ce da aka cire mata man shanu aka maye gurbinsa da man kwakwar manja, domin ya fi araha. Mai sha zai iya ƙoshi da ita, amma ba zai sami ƙamshin kindirmo ba, kuma kuɗinsa ba ya isa hannun matar ruga. A 2018 ƙungiyoyin makiyaya na ƙasashen yankin suka ƙaddamar da wani gangami mai taken cewa nonon gida shi ne nasu, suna neman a kare kasuwarsu.

Sauyin zamani bai zo da hasara kaɗai ba. Injin niƙa ya rage wa mata wahalar daka, wadda takan cinye awoyi kowace rana. Firji da ƙanƙara sun ƙara wa nono kwana. An kuma gane cewa ɗanyen nono yana iya ɗaukar ƙwayoyin tarin fuka da na wasu cututtukan dabbobi, don haka tafasa madara kafin a kwantar da ita da tsabtar ruwan damu suna da muhimmanci kamar sabunta. A kusa da Yamai, cibiyoyin tattara nono na Hamdallay da Kollo suna karɓar madara daga makiyaya da safe, su auna ingancinta, su sanyaya ta, su kai birni. A Kano da Kaduna da Abuja shagunan fura sun yawaita, ana dama ta da na'ura a zuba a roba. Ta ɓangaren gero, cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore da hukumar INRAN ta Nijar sun fitar da iri masu saurin nuna, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Duk da haka, masu saye da suka san fura suna tambaya kafin su biya, ko nonon na shanu ne ko na gari.

9.0 Kammalawa

An ga cewa kayan haɗin fura da nono sun samo asali tun zamanin da Sahara take da ciyawa, kuma matafiya sun shaida irin wannan abinci tun ƙarni na 14. An ga kuma cewa daɗinta ya dogara ga abu biyu da ba sa ajiyuwa, waɗanda suke fitowa daga hannun al'ummu biyu. Annoba da fari sun sha raba su na ɗan lokaci, suka sake haɗuwa. Ƙarancin ƙasa da rashin tsaro da madarar waje kuwa suna raba su ta hanyar da ta fi wuyar gyara. Ƙwaryar fura mai kyau tana bukatar gona mai taki, da burtalin da ba a toshe ba, da saniyar da ta ƙoshi, da hanyar da mace za ta bi da nono a ka ta isa kasuwa lafiya ta koma lafiya. Ɗalibin harshe da ya koyi bambancin madara da kindirmo da tsala, ko na gaya da farau-farau, ya kamata ya san cewa kalmomin suna raye ne muddin ana yin aikin da ya haife su a gona da ruga.